Amanar Tuluna Biyu na Ruwan Kanya

Haƙƙin mai ajiya ne ya mayar da amana kamar yadda aka ba shi ita, ba ragi ba ƙari. Ni na rubuta wannan jimla da hannuna, da baƙar tawada, na liƙa a ƙofar ɗakin ajiyar da na riƙe shekaru masu yawa kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Abubuwa da yawa na wancan zamani sun zube daga kaina, amma ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka tsayar da ni a ƙarƙashin wannan rubutu nawa, gemuna baƙi ƙirin, aka sa na karanta laifina da bakina.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne. Ina yi wa wani attajiri aiki, mai jiragen kamun kifi da ɗakunan ajiya, wanda duk muke kira Mudir. Ni haifaffen Jidda ne. Mahaifina ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa da ƙafa, bai koma ba, ya sa ni makaranta. Na fito da takardar shaida da kyakkyawan rubutu, da kuma wani tabbaci (wannan ba makaranta ce ta koya mini ba, ni na ƙara wa kaina) cewa duk wanda bai iya riƙe alƙalami ba, ra'ayinsa yana iya jira. Aikina shi ne riƙe daftari. Duk abin da ya shiga ɗakin sai na rubuta ranarsa da sa'arsa da wanda ya kawo shi da halin da ya zo a ciki. Ko igiya aka ɗauke daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai ta shiga daftari. A shekara goma sha ɗaya ba a taɓa neman abu an rasa ba, kuma ban gaji da tuna wa mutane hakan ba.

Mu biyu ne kullum a wurin, ni da mai gadi, wani dattijon Bahaushen Sudan da ake kira Amm Bakur. Shi ke buɗewa, shi ke shara, shi ke cika randar ruwan sha da ke ƙarƙashin matakala. Bai iya rubutu ba. Muna gaisawa da mutunci, amma ban taɓa tambayarsa shawara a kan komai ba.

A wannan shekara Mudir ya kawo wani ɗan ƙasar Japan don ya koya wa masuntanmu gyaran taru. A lokacin tarun auduga ake amfani da shi, kuma ruwan gishiri yana cinye shi da wuri. Sunan mutumin ya gagari harshen masunta, sai suka laƙaba masa Abu Shabaka, wato mai taru, shi ma ya karɓa da murmushi. Ya zo da tuluna biyu na ƙasa, kowanne an rufe bakinsa da takarda mai kauri an ɗaure da igiya. Abin da ke ciki a harshensu kakishibu ake ce masa. Ya bayyana mana cewa wani 'ya'yan itace ake tsinkewa ɗanye tun yana kore, a daka, a matse, a bar ruwan ya yi ta tsami shekara ɗaya ko biyu ko fiye. Idan aka tsoma taru a ciki aka shanya a rana, aka maimaita, zaren yana ƙarfi ya daɗe. Takarda idan aka shafa mata ba ta jiƙewa, katako kuma ƙwari ba sa kusantarsa. Da farko launinsa kamar shayi marar ƙarfi ne, rana ce ke nuna shi har ya koma ja mai duhu. Da ya nuna mana hoton itacen, Amm Bakur ya leƙo ta bayana ya ce ai wannan ɗan'uwan kanya ne, yadda kanya ɗanya ke ɗaure baki haka wannan zai yi. Tun daga ranar kowa ya koma ce masa ruwan kanya.

Warinsa kuwa, ina neman afuwar mai karatu. Idan aka haɗa nonon da ya kwana bakwai da ruwan majema, aka rufe su a ɗaki ɗaya, an kusa.

Abu Shabaka zai yi tafiya kudu, wajen Jizan, na mako shida, sai ya danƙa mini tulunan. Ba zan yi masa ƙarya ba, bayaninsa ba shi da wata duhuwa. Larabcinsa a hankali yake fita amma daidai, kuma ya haɗa da nuni da hannu. Ya ce a ajiye su a inuwa, wuri mafi sanyi. Ya ce kada a toshe bakin, domin abin yana da rai, yana fitar da iska, takardar nan ta isa. Bayan 'yan kwanaki a riƙa motsawa da sandar itace, idan ya fara kauri a ɗan ƙara ruwa. Sannan ya ɗauki makullin ɗakin da ke hannuna, ya nuna shi, ya girgiza kai, ya ce ƙarfe kada ya taɓa shi, ko da cokali ne. Duk na rubuta a daftari, ya sa hannu a ƙasa, na sa nawa.

Kwana uku na jure. A rana ta huɗu na zauna na dubi tulunan nan biyu da hulunansu na takarda, sai na ji raina ya ɓaci a madadin ɗakin ajiyar. Akwai ƙa'idoji goma sha biyu na wurin, waɗanda ni na tsara su, kuma ta bakwai ta ce duk abu mai ruwa sai an sa shi a mazubi rufaffe, an ba shi lamba, an buga masa hatimi. Na yi nazari irin na masu ilimi. Na ce wannan bawan Allah daga ƙasa mai sanyi ya fito, bai san ƙudan Jidda ba, bai san ɓerayenta ba, bai san 'yan dakon da ke shiga da fita ba. Ya faɗi abin da ya dace da garinsu. Ni da na san nan, wajibi ne in inganta masa ajiyarsa. Har na ji daɗin irin godiyar da zai yi mini.

Na tashi da tsakar rana na tafi unguwar Bab Makka wurin wani maƙerin gwangwani, na zaɓi garwa biyu da aka taɓa zuba man shanu a ciki. Da na ga akwai sauran maiƙo, na sa aka kankare cikinsu da yashi da toka, ina tsaye a kai, har ƙarfen ya fito fes yana ɗaukar ido.

Da na koma gida cin abinci, maiɗakina Zainabu ta ji warin a hannun rigata. Ita 'yar majema ce, mahaifinta da kakanta duk jima suka yi. Ta shinshina wurin da ya ɗiga, ta taɓa da yatsa ta kai harshe, ta yamutsa fuska. Na gaya mata shirina cikin alfahari. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, wannan baurin bagaruwa gare shi. A gidanmu idan ana son baƙar fata, tsohon ƙarfe ake jefawa cikin irin wannan ruwan."

Na fahimtar da ita cikin ladabi cewa ana maganar ƙasar da ke ƙera jiragen ruwa ne, ba majemar mahaifinta ba. Ta ce to, ta ƙara mini shinkafa.

Washegari maƙerin ya zo da kayan aikinsa. Garwa biyun suka ɗauki tulu ɗaya da rabi, rabin tulu ya rage. Aka like bakunansu da dalma, na ɗiga jan kaki na danna hatimina, na ba su lamba. Sannan na sa aka ɗora su a kan kanta mafi tsawo, dab da rufin kwano, inda ɓera ba ya kaiwa, hannu ma ba ya kaiwa sai da tsani. (Tsakiyar bazara ce. Wanda ya san rufin kwano a Jidda a wannan lokaci ya san ana iya gasa gurasa a wurin.) Na cika shafi biyu da bayanin wannan aiki, kuma jimlar da ta ce an kankare garwanin da yashi har ƙarfe ya bayyana, na ja mata layi a ƙasa don kada mai karatu ya tsallake ta.

Rabin tulun da ya rage na ce wa Amm Bakur ya matsar da shi gefe har in samo garwa ta uku. Ya ɗauke shi ya kai bayan randa, ƙarƙashin matakala. Kaya suka yi ta shigowa a makonnin nan, maganar garwa ta uku ta yi ta jinkiri. Sau uku ina hango shi da hantsi yana kwance igiyar, yana tsiyaya wani abu daga buta, yana juyawa da sanda. Da na tsaya na yi tunani da na gane umurnin mai kayan yake bi. Amma a wurina wancan umurni an riga an shafe shi da wanda ya fi shi. Ban tambaye shi ba, domin tambaya za ta rage mini girma. Sai na rubuta a daftari, sau uku, da rana da sa'a, cewa an ga mai gadi yana taɓa kayan da ba nasa ba.

A mako na uku garwanin suka fara kumbura. Da azahar, idan wurin ya yi tsit, ana jin ƙarfen yana ɗan ƙara kamar mutum yana lanƙwasa yatsu. Na hau tsani na duba, na ga hatimina lafiya lau. Na sauko na rubuta cewa kayan suna cikin aminci.

Ranar da Abu Shabaka ya dawo, Mudir ya gayyato shehun masunta da mutanensa kusan ashirin don a yi rinin farko a gabansu. Aka shimfiɗa taruna a filin gaban ɗakin ajiya, aka kawo babban kwami na katako. Na sa farin tob ɗina na Juma'a, wato doguwar rigar nan tamu, da farar hula, da tabarau. Na sa 'yan dako suka sauko da garwanin suka ajiye a tsakiyar fili, cikinsu ya yi tulu-tulu. Abu Shabaka ya dube su, ya dube ni, ya tambayi ina tulunansa. Na nuna masa garwanin da buɗaɗɗen tafi, kamar mai miƙa kyauta. Sai na ga ya ja da baya taku uku, yana ɗaga hannu biyu yana cewa, "La, ya ustaz, la." Na ɗauka wannan a'a tasa kunya ce irin tasu, yana nufin bai cancanci wannan ɗawainiya ba. Na ce amana ni aka ba, ni zan buɗe ta da hannuna. Na karɓi ƙusa da guduma, na sunkuya sosai don in ga dalmar da kyau, na buga.

Ba fashewa ta yi ba. Tsartuwa ta yi, miƙe, kamar ta daɗe tana jirana. Baƙin ruwa mai ɗumi ya bugi ƙirjina, ya hau gemuna, ya rufe tabarau, ya cire mini hula. Da na ja baya sai ya bi ni. Warin da mako shida na zafi ya tara ya bazu a filin, masunta, mutanen da suka saba da ruɓaɓɓen kifi, suka rufe hanci da rawunansu. Da abin ya lafa, Abu Shabaka ya yanke bakin garwar ya kifar da ita. Abin da ya rage ya faɗo dunƙule guda, baƙi, da siffar garwar har kusurwoyinta, yana rawa kamar dafaffen jini. Ta biyun ma haka, sai dai ita daga nesa aka huda ta.

Sai shehun masunta ya gyara murya ya ce, "Masha Allah, ya ustaz. Ashe kai ne tarun farko."

Mutumin kirki a nan zai sunkuyar da kai ya nemi gafara. Ni kuwa fushi na yi. Shekara goma sha ɗaya ba tabo, sannan a ce kaya sun lalace a hannuna? Na yanke cewa hannu ne ya shiga. Tun kafin la'asar, gemuna bai ko bushe ba, na zauna na rubuta takardar ƙara shafi uku da tsantsar Larabci, na buƙaci a yi bincike, na ambaci mai gadi da sunansa, na kafa hujja da ranakun nan uku. Yadda mutum zai zuba wani abu a garwar da aka like da dalma, hatimina yana kai, wannan tambaya ban bari ta shigo takardar ba. Kuma na san sarai cewa Mudir ne kafilin Amm Bakur, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa ta izinin zama a ƙasar a hannunsa take, kuma idan aka kore shi da sunan cin amana, ba shi kaɗai zai shiga wahala ba, har da iyalinsa. Na san haka lokacin da nake zaɓen kalmomi masu daɗi. Wannan shi ne tabon da ya fi na gemun wuyar fita.

A gida Zainabu ta wanke tob ɗin sau uku ta shanya a soro. Da ta sauko da shi washegari ya fi jiya duhu. Ta ninke shi ta ajiye a gabana, ta ce ta ga Japan ta zo gaishe da majema.

Bayan kwana biyu aka zauna bincike da safe a ƙofar ɗakin ajiya. Mudir yana kan kujera, Abu Shabaka a gefensa, Amm Bakur a tsaye yana jan carbi a hankali, 'yan dako kuma sun sami dalilin tsayawa kusa. Mudir ya nemi hujja, na miƙa daftari da hannu biyu. Ya mayar mini ya ce in karanta da kaina tunda rubutuna ne, kuma in faro daga ranar da tulunan suka shigo.

Na fara da murya irin ta liman. Inuwa da sanyi. Kada a toshe baki. A motsa da itace, a ƙara ruwa. Kada ƙarfe ya taɓa shi. Sa hannunsa, sa hannuna. Na juya shafi. A nan ne na ji muryata ta fara sauka da kanta. Garwa biyu daga Bab Makka. Dalma. Kanta ta sama, dab da rufi.

"Ɗaga murya, ya ustaz," in ji Mudir. "Na baya ba sa ji."

Na ɗaga. Na iso jimlar da na ja wa layi, na karanta ta, domin ban taɓa tsallake layi a rayuwata ba. Abu Shabaka ya nemi in maimaita, ya tabbatar da yashi na ce, sannan ya rufe fuskarsa da tafukansa. Kafaɗunsa suna motsi. Har yau ban san kuka yake yi ko dariya ba.

Mudir ya juya ga Amm Bakur ya tambaye shi abin da yake tsiyayawa daga buta.

"Ruwan randa ne, ya Mudir," in ji shi. "Ina bakin ƙofa da tsintsiya lokacin da baƙon yake faɗa. Ni ban iya rubutu ba, sai na riƙe."

Aka ce ya ɗauko tulun. Abu Shabaka ya kwance igiyar, ya sa hanci cikin wannan wari ya ja dogon numfashi kamar mai shaƙar turare, ya tsoma sanda ya ɗaga, ruwan ya zubo sumul, launin shayi. Ya miƙe ya rusuna wa Amm Bakur har ƙasa irin gaisuwarsu. Rabin tulun nan ya isa taru biyu maimakon da yawa da aka shirya, amma su biyun suka ishi masunta su ga amfanin abin da idonsu.

Mudir ya ɗauki alƙalamina, ya rubuta a ƙasan takardar ƙarata: an bincika, sakaci ne daga mai ƙara. Ya ce in shigar da hukuncin a daftari. Na shigar, da rana da sa'a, kuma rubutun bai karkace ba. Sannan na je gaban Amm Bakur, a gaban 'yan dakon, na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya kama hannuna ya ce, "Halas, ya wuce, ɗana. Ka samu lemun tsami ka goge gemun, yana cirewa." Wannan karon na bi shawarar a ranar. Ta yi aiki.

Ba a kore ni ba. Na ƙara shekaru masu yawa a wurin cikin rufin asiri, kuma tun daga lokacin kowace la'asar ni da Amm Bakur muke shan shayi a kan benci ɗaya har Allah ya karɓi ransa. Kafin Abu Shabaka ya koma ƙasarsu ya ba ni 'yar kwalba daga ragowar, ya koya mini shafa shi a bangon daftari da gefen shafuka, siriri, sau uku, a shanya a rana tsakanin kowace shafawa. Daftarin da ke hannuna a lokacin muka gwada a kai. Kwalbar kuwa Zainabu ta karɓe ta, ta ɗaure bakinta da tsumma, ta ajiye bayan randarmu, ta ce kada in kusance ta. Tob ɗin ya zama murfin buhun shinkafarmu, ƙwaro bai taɓa shiga ba.

Da aka tashi rushe tsohon ɗakin ajiyar, na je kwashe daftarorina. Gara da laima sun cinye su kaf, shekarun nan masu tsabta duk sun zama gari. Guda ɗaya ya tsira, bangonsa ja mai duhu, yana sheƙi, ko kusurwa bai rasa ba. Mai karatu ya san wanne ne. Yana nan a akwatina, kuma da alama jikokina za su tsufa bai lalace ba. Abin da na koya shi ne, idan mai kaya ya faɗi yadda za a ajiye masa kayansa, aikin mai ajiya ya ji ne, ko da takardar shaidarsa ta fi tulu kyau.

Saura ƙorafi ɗaya, kuma ina gabatar da shi cikin girmamawa ga duk wanda daftarin zai faɗa hannunsa. Ina roƙon a sake buɗe binciken a kan hukuncin da aka rubuta. Mai sakaci kwanciya yake yi ya bar kaya. Ni kuwa na taka har Bab Makka da tsakar rana, na tsaya a kan yashi da toka, na hau tsani, na cika shafi biyu. Da na yi sakaci da tulunan sun tsira. Ina neman a soke wannan hukunci a rubuta shisshigi a gurbinsa. Maiɗakina ta amince za ta ba da shaida.